Farfelar Mota Mai Sauƙin Nauyi: Abin da Talla ke Faɗa da Abin da Lissafi ya Nuna

A bakin ruwan Wara ko Yelwa, idan ka ce "farfela", hankalin kowa zai tafi kan fukafukan nan da ke ƙasan injin kwalekwale. A garejin makanikai kuwa, kalmar tana nufin dogon bututun ƙarfe da ke ƙarƙashin mota, wanda ke ɗaukar juyin inji daga giya ya kai wa tayoyin baya. Leƙa ƙarƙashin Hilux ko Canter ko Hiace, za ka gan shi kwance daga gaba zuwa baya. Wannan farfelar ce zancenmu na yau.

Duk mai bin bidiyoyin motoci a YouTube, TikTok ko Facebook ya ci karo da irin wannan tallar. Za a ɗaga Mustang ko BMW sama, a kwance farfelar ƙarfe da kamfani ya sa, a ɗora ta a sikeli. Sai a ɗauko sabuwa ta alminiyam ko ta zaren kabon, a ɗaga ta da hannu ɗaya ana murmushi. Daga nan alƙawura uku ke biyowa: za ta ƙara wa mota ƙarfin doki, za ta rage shan mai, kuma ta fi ta kamfani aminci. Kuɗin ta zaren kabon kan haura dala 1,000, wato fiye da naira miliyan ɗaya da canjin yanzu, tun kafin a zo maganar dako da kwastan.

Wani zai ce, to ina ruwan mutumin Ngaski ko Shanga da motar tsere? Ruwansa biyu ne. Na farko, bidiyon da yaro ke kallo a Amurka shi ne ɗalibi ke kallo a Birnin Yauri, kuma masu wasan mota a Kano, Kaduna da Abuja, da tsofaffin BMW da Marsandi, suna sayen irin waɗannan kaya da kuɗin gaske. Na biyu ya fi nauyi. Tallar tana dasa tunanin cewa farfela bututu ne kawai, a canza shi yadda aka ga dama. Wannan tunanin ne ke sa a yanke farfela a gefen titi, a yi mata walda, a mayar, sannan a cika motar da mutane da buhuna. Don haka bari mu ɗauki alƙawuran ɗaya bayan ɗaya mu ɗora su a sikeli.

Wace mota ce ma ke da ita?

Ba kowace mota ba. Golf da Sharan (wadda muke kira Sharon) da ke jigila tsakanin Yauri, Kontagora da Jega, yawancinsu tayoyin gaba ne ke jan su. Injin da giya suna nan gaba, gajerun sanduna biyu ne ke kai juyi ga tayoyin, babu dogon bututu a ƙasa. Farfela sai motar da injinta ke gaba, tayoyin baya ke turawa, ko mai jan taya huɗu: a-kori-kura, bas, tifa, da yawancin motocin tsere.

Dabarar tsohuwa ce. Motocin farko da sarƙa suke tafiya kamar keke. Louis Renault na Faransa ya sa sanda a maimakon sarƙa a ƙaramar motarsa ta 1898, kuma a 1904 Clarence Spicer ya fara ƙera wa motoci gaɓar nan da ke ba sanda damar juyawa a karkace, wadda makanikanmu ke kira kuros. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, a kamfanin da aka buɗe a 1975, ita ma ta baya ce ke turawa. Iyayenmu sun yi shekaru suna hawa kan farfela ba tare da an taɓa tallata musu ita ba.

Abin lura guda: farfela ba ta haifar da ƙarfi. 'Yar aike ce. Abin da inji ya ba ta shi take kaiwa, ta ɗan ci kaɗan a hanya. Saboda haka tambayar ita ce, nawa take ci, kuma nawa za a ceto idan aka rage mata nauyi?

Alƙawari na farko: ƙarin ƙarfin doki

Hujjar masu talla tana da tushe a kimiyya. Abu mai juyawa sau biyu yake cin ƙarfin inji: a tura shi gaba tare da motar, sannan a juya shi. Gaskiya ne. Inda suka yi shiru shi ne, wahalar juya abu ba ta dogara da nauyinsa kaɗai ba. Ta fi dogara da nisan nauyin daga tsakiyar juyin, kuma nisan ana ninka shi da kansa ne. Ka ninka nisa sau biyu, wahala ta ninku sau huɗu.

Gwada da taɓarya. Tsayar da ita, ka murza ta tsakanin tafukanka kamar maburgi: nan da nan za ta juya. Yanzu kama ta a tsakiya, ka yi ƙoƙarin wulwula ta kamar fanka: sai ka sa ƙarfi. Taɓarya ɗaya, nauyi ɗaya. Bambancin kawai inda nauyin yake. To farfela irin juyin maburgi take yi. Duk nauyinta yana kusa da tsakiya, kimanin santimita 4.

Mu yi misali, mu kuma yi wa masu talla sassauci. A ce an cire farfela mai kilo 18 an sa mai kilo 9, a mota mai kilo 1,600. A ce farfelar tana juyawa sau 3.5 a duk juyin taya ɗaya, kuma daga tsakiyar taya zuwa ƙasa santimita 33 ne. A gudun kilomita 100 a awa, farfelar tana juyi kusan 2,800 a minti. Makamashin da ake buƙata a kai wannan rarar kilo 9 zuwa wannan juyin ya kai jul 630. Makamashin da ake buƙata a kai motar gaba ɗaya wannan gudun kuwa ya haura jul 600,000. Ka ga kenan ɗaya cikin dubu.

Idan motar tana kai wannan gudun cikin sakan 5, abin da aka ceto ta fuskar juyi wat 126 ne, kamar tsofaffin kwayayen lantarki biyu masu wat 60. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. Wato kashi ɗaya cikin shida na doki guda. Wannan ne ake tallatawa da sunan dawakai biyar ko goma.

Mu haɗa duka ribar. Ragin juyi ya yi daidai da cire wa mota kilo 1.6. Ƙara da kilo 9 na ainihin nauyin da aka cire, ka samu kusan kilo 11. A mota mai kilo 1,600, bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sakan 5 ɗin nan zai ragu da kusan 0.035 na sakan, ƙiftawar ido ma ta fi shi tsawo. Litar fetur tana da nauyin kusan gram 740, saboda haka wanda ya fito da tankinsa da ragin lita 15 ya samu irin wannan ribar kyauta.

Don a ga cewa ba nauyi mai juyawa nake rainawa ba, dubi fulawil, faifan ƙarfen nan da ke bayan inji inda kuloci ke kamawa. Nauyinsa yana nesa da tsakiya, kusan santimita 12, kuma a giya ta ɗaya yana juyi fiye da ninki uku na farfela. Ka rage masa kilo 5, da irin lissafin nan, kamar ka sauke wa mota buhun shinkafa biyu ne a giya ta ɗaya. Wannan direba zai ji shi. Abin da masu talla suka yi shi ne, sun ɗauko gaskiyar da ta dace da fulawil da tayoyi, sun liƙa wa farfela.

Ko a fulawil ɗin ma, ragin yana da farashi: mota takan yi saurin mutuwa wajen tashi. Nauyi mai juyawa ajiya ce. Shi ya sa injin niƙa da injin casar shinkafa ke da manyan faifai masu nauyi, don kada su sare idan aka zuba musu kaya. Haka janaretocin madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968: nauyin abin da ke juyawa a cikinsu yana taimakawa wajen riƙe lantarki a bugu 50 a sakan idan buƙata ta canza farat ɗaya. Injiniya yana tambaya ne, a ina nauyi ke da amfani, a ina yake zama kaya. Mai talla kuwa amsa ɗaya gare shi.

To, me ya sa na'urar gwaji ke nuna ƙari?

Bidiyoyin kan nuna motar a kan daino, na'urar da tayoyi ke murza wani babban gangan ƙarfe, kwamfuta ta zana layi. Kafin canji doki 400, bayan canji 405. Ga hujja, in ji su.

Biyar cikin 400 kashi 1 ne da ɗoriya cikin 100. Tambayar da duk ɗalibin kimiyya zai fara yi ita ce: idan aka maimaita gwajin ba tare da an canza komai ba, nawa sakamakon ke motsawa? Inji iska yake shaƙa, kuma iska tana rage kauri da kusan kashi 1 cikin 100 a duk ƙarin zafi na digiri 3. Wanda ya san bambancin asubahin Yauri da azahar ɗinta a watan Afrilu ya san digiri 3 ba komai ba ne. Kwamfutar na'urar tana gyara wani ɓangare na wannan, amma akwai zafin man giya, zafin taya, iskar da ke cikinta, da yadda aka ɗaure motar. Canza farfela kan ɗauki awa ɗaya ko biyu, duk waɗannan sun motsa kafin a gama.

Gwaji na gaskiya zai maimaita aƙalla sau da yawa kafin da bayan canji, ya nuna duka sakamakon, sannan ya mayar da tsohuwar farfela ya sake aunawa. Mafi yawan bidiyoyin layi biyu kawai suke nunawa, kuma mai gwajin shi ne mai sayarwa ko wanda aka ba kayan kyauta.

Direbobin da ke rantsuwa cewa mota ta ƙara kuzari fa? Ba lallai ƙarya suke ba. Yawanci tsohuwar farfela mai gida biyu ce, robar boris ɗin tsakiya ta saki, kuros ya yi lako-lako. An cire mai sassauci an sa sabuwa gal. Dole a ji ta kama nan take idan aka taka totur. Sabuwar farfelar ƙarfe ma za ta ba da kusan wannan jin. Sannan wanda ya biya miliyan guda, kunnensa da ƙafarsa sukan taya aljihunsa.

Alƙawari na biyu: ragin shan mai

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, duk wanda ya ce zai rage maka shan mai ya samu kunnenka. Amma a nan lissafin ya fi ban tausayi. Idan mota tana tafiya a gudu ɗaya, farfela ta riga ta kai juyinta, ba ta ƙara neman komai saboda nauyinta. Abin da ya rage shi ne ɗan ƙarin gogayyar taya da kilo 9 ke jawowa. A kan kwalta mai kyau, wannan yana cin abin da bai wuce mililita 10 zuwa 12 na fetur ba a kilomita 100. Ƙaramin cokalin shayi biyu. Ka ninka shi saboda tsayawa da tashi, har yanzu a cokali kake. Tayar da iskarta ta ragu, ko kayan da aka ɗaure a saman mota suna tare iska, sun fi wannan ci nesa ba kusa ba.

Inda masu talla ke da gaskiya

Akwai dalili na haƙiƙa da ya sa injiniyoyi ke amfani da zaren kabon, kuma abin mamaki shi ne tallar ba ta cika tsayawa a kansa ba, don ba ya daɗin faɗa kamar dawakai.

Ɗauki doguwar gwangwala ka girgiza. Tana da nata saurin da take son lanƙwasawa ta dawo. Gajera tana yi da sauri, doguwa a hankali. Farfela ma haka take. Idan juyinta ya yi daidai da wannan saurin nata, tsakiyarta zai fara buɗewa kamar igiyar tsallen yara, kowane juyi yana ƙara wa na baya, har ta tsinke. Mu kira shi gejin juyi. William Rankine ya yi rubutu a kan matsalar tun 1869, kuma Henry Jeffcott ya fayyace lissafinta a 1919.

Abubuwa uku ke yanke wannan gejin: tsawo, faɗin bututu, da taurin abin da aka yi shi da shi idan aka gwada da nauyinsa. Tsawo ne ya fi hukunci, domin shi ma ninka kansa yake. Bututun ƙarfe mai faɗin santimita 7.5, idan tsawonsa mita 1 ne, gejinsa ya haura juyi 12,000 a minti. A mita 1.5 ya sauko kusan 5,700. A mita 2 ya koma kusan 3,200. Wannan a takarda kenan, a ƙarƙashin mota yakan yi ƙasa da haka. A-kori-kurar da farfelarta ke juyi kusan sau 4 a duk juyin taya tana kai juyi 3,000 a wajen kilomita 100 a awa. Yanzu ka gane dalilin da ya sa doguwar mota ke da farfela gida biyu da boris a tsakiya. Kamfani ya raba dogon bututu ya zama gajeru biyu ne don ya tura gejin can sama.

Ga abin da ba za ka ji a bidiyo ba. Alminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ne, kilo 2,700 a kowace kubik mita inda ƙarfe ke da 7,850. Amma taurinsa ma kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Biyun suna cinye juna. Bututun alminiyam da na ƙarfe masu tsawo ɗaya da faɗi ɗaya, gejinsu kusan ɗaya ne. Ta alminiyam tana cin riba ne kawai idan aka yi ta da faɗi sosai, kuma faɗin yana matso da ita kusa da salansa da ƙasan mota. Wanda ya cire farfela gida biyu ya sa doguwar alminiyam guda ɗaya ba tare da wannan lissafin ba, yana iya sauko da gejinsa, alhali yana ganin ya inganta mota.

Zaren kabon daban yake. Idan aka jera zaren yadda ya kamata, taurinsa a kan nauyinsa ya fi na ƙarfe sosai, saboda haka ana iya yin doguwar farfela guda ɗaya da za ta jure juyi mai yawa. Nissan 350Z ta 2002 da Mazda RX-8 ta 2003 mai giyar hannu sun fito da ita daga kamfani. Sannan idan ta karye takan tarwatse ta zama kamar tsintsiya, ba ta zama sandar da za ta fasa ƙasan mota ba. Waɗannan fa'idodi ne na gaske ga mai gudun kilomita 250 a filin tsere.

Misalai biyu sun isa. Ford ya ƙayyade gudun Mustang mai injin V6 ta 2011 a wajen kilomita 180 a awa. Wasu masu motar suka cire wannan takunkumin a kwamfuta, suka wuce, farfela ta tarwatse a ƙarƙashinsu. Gejin nan ba tatsuniya ba ce. Na biyu: BMW ya fito da M3 da M4 a 2014 da farfelar zaren kabon, ya tallata ta sosai. Daga Nuwamban 2017 sai ya koma ta ƙarfe, don ya samu wurin sa matatar hayaƙi da dokokin Turai suka buƙata, kuma ya ce aikin motar bai ragu ba. Da a ce dawakai goma ke cikin farfelar, da kamfanin bai sake su cikin sauƙi haka ba.

Alƙawari na uku: aminci, a kan wace hanya?

Ana gwada waɗannan kaya ne a kan kwalta mai santsi. Ka kawo su hanyar Malando zuwa Ngaski da Wara, ko hanyoyin burji da ke shiga ƙauyukan bakin ruwa da damina, labari ya canza. Zaren kabon ba ya son duka. Dutse ɗaya da taya ta cilla zai iya raba shimfiɗun zaren daga ciki, waje yana nan sumul, ido ba ya gani. Kawunansa na ƙarfe da gam aka manna su, kuma gam ba ya shiri da zafin salansa. Ba a yi masa walda ko kaɗan. Alminiyam yana saurin lotsewa, waldarsa kuma sai inji na musamman. Ƙarfe ne ke shan duka ya nuna maka inda ya ji ciwo.

Sai dai sauƙin gyaran ƙarfe shi ne tarkon da ke gabanmu. Ana canza wa mota giya ko inji da na wata, tsawo bai yi daidai ba, sai a yanke farfela ko a yi mata ƙari. Ana ƙara wa babbar mota tsawon jiki don ta ɗauki kaya da yawa. Boris ɗin tsakiya ya mutu, ana ganin asara ce a sayi sabo. Masu waldarmu suna da hannu, babu musu. Amma akwai abubuwa uku da ido da guduma ba sa aunawa.

Na ɗaya tsawo, mun riga mun gani. Ƙarin rabin mita yana iya sauko da geji zuwa gudun da direba ke yi kullum.

Na biyu daidaito. Duba jikin farfelar kamfani, za ka ga 'yan ƙananan faranti an manna. Ba ado ba ne, na'ura ce ta juya ta ta nuna inda za a sa su. Tsiron walda mai gram 20 a gefe ɗaya, a juyi 3,000 a minti, yana fizga da ƙarfin kusan kilo 8, sau 50 a kowane sakan. Idan kuwa farfela mai kilo 10 ta kauce daga tsakiya da milimita 1 tak, fizgar ta kai kilo 100. Boris na bayan giya da na aksul ne ke shan wannan, har ranar da ɗaya zai gaji.

Na uku jerin kuros. Kuros guda, idan yana aiki a karkace, ba ya juyi daidai: yana sauri yana jinkiri sau biyu a kowane zagaye. A karkatar digiri 10 bambancin kusan kashi 1.5 cikin 100 ne, a digiri 30 ya kai wajen kashi 15. Dabarar ita ce kuros na biyu ya goge kuskuren na farko, kuma hakan ba ya yiwuwa sai kunnuwan da ke kawunan bututun suna kan layi ɗaya. A yanke, a juya kaɗan, a haɗa: kuskuren biyu sai su taru maimakon su goge juna. Ɗaga mota sama fiye da yadda aka ƙera ta, ko danne ta da kaya, shi ma yana canza karkatar.

Idan kuros na gaba ya tsinke ana cikin gudu, kan farfelar yana faɗowa ya caki ƙasa, yana iya ɗaga bayan motar. Ko bai yi haka ba, yana iya yanke bututun birki ko ya fasa tanki. Shi ya sa hukumar tseren NHRA a Amurka ta wajabta wa motoci masu sauri wani zoben ƙarfe da ke kewaye farfela don ya tare ta. Su da ke da motar asibiti a bakin fili sun ɗauki abin da muhimmanci haka, ina ga wanda ke tsakanin Yelwa da Koko da dare da fasinja goma sha takwas?

Alamomin kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Karkarwa daga ƙasan kujera da ke ƙaruwa da gudun mota, ko da an saki totur. Ƙarar "ƙwas" idan aka sa giya ko aka saki kuloci. Jan gari kamar tsatsa a kewayen kuros, alamar giris ya ƙare. Kama farfelar da hannu mota tana kashe, ka jijjiga: in ta yi motsi a gaɓa, lokacin canji ya yi.

Mu a wannan yankin mun san abin da ke faruwa idan aka wuce iyakar da aka ƙera abu a kai. A ranar 26 ga Mayun 2021 jirgin ruwa ya tarwatse kusa da Wara da mutane fiye da 150 a ciki, kuma jami'ai sun danganta abin da lodin da ya fi ƙarfinsa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Nauyin da ke barazana ga rayukanmu ana auna shi da buhu da tan. Damuwa da kilo 9 na farfela a motar da aka yi wa lodi ninki biyu, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Hukunci

Farfela mai sauƙin nauyi kaya ne mai kyau da aka yi wa tallar da ba tasa ba. Alƙawarin ƙarfin doki ya faɗi a lissafi. Alƙawarin mai ya faɗi warwas. Alƙawarin aminci ya tsaya da ƙafa ɗaya: gaskiya ne ga motar da aka ƙara wa ƙarfi ko gudu har ta fi ƙarfin farfelarta, a kan hanya mai santsi, in wanda ya ƙera sabuwar ya faɗi gejin juyinta da ƙarfin murɗar da take ɗauka. Duk mai sayarwar da ya faɗa maka kilo nawa ya rage, amma ya kasa faɗa maka waɗannan lambobi biyu, bai ba ka bayanin da kake buƙata ba.

Mai motar wasa da ke da miliyan guda a hannu, tayoyi masu kyau, birki, da koyon tuƙi a fili killatacce za su ba shi abin da agogo zai gani. Mai Hilux ko bas da ke ɗauko kifi daga Wara ko albasa daga Yauri kuwa, abin da farfelarsa ke nema bai kai kuɗin tanki ɗaya ba: kuros mai kyau, giris a kan kari, boris ɗin tsakiya da ransa. In ta lanƙwashe ko tsawonta bai dace ba, ya nemi 'yar Baljiyam ta ainihin motar, da farantanta a jiki, kafin ya yarda a ɗora mata wuta. In kuwa dole sai an kwance ta, a ja layi da alli a kan gidajen biyu tukuna, don a mayar da su yadda aka same su.